A Fara Sanin Kifi Kafin a Sayi Fatsa

1.0 Gabatarwa

Su yana daga cikin tsofaffin sana'o'in ɗan'adam, kuma kowace al'umma da ke zaune a bakin ruwa tana da irin dabarun da ta gada na raba kifi da gidansa. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'i na fatsa wanda ya sha bamban da wanda aka saba gani a rafukan ƙasar Hausa. Maimakon a soka tana ko fara a ƙugiya, sai a ɗauko gashin tsuntsu da ulu da zare a naɗa su a jikinta, har ta yi kama da ƙwaron da kifi yake ci, sannan a wurga ta a kan ruwa. Turawan Ingila suna kiran wannan koto da sunan ƙuda, ko da kuwa bai yi kama da ƙuda ba. Idan aka bi fassarar kalma da kalma za a sami "sun ƙuda", wanda ba zai gamsar da Bahaushe ba, domin kuwa ba ƙuda ake kamawa ba, ba kuma da ƙuda ake kamun ba. Saboda haka, a nan za a kira koton "ƙwaron gashi", harkar kuma "fatsar ƙwaron gashi".

Mutane da dama suna shiga wannan harka kowace shekara, kuma akasarinsu ta ƙofar kanti suke shiga. Mai koyo yakan fara da tambayar wace sanda ce ta fi kyau, wane kamfani ne ya fi suna, nawa ne kuɗinta. Sai bayan ya cika jaka da kaya sannan ya tuna da tambayar wane kifi ne ma yake cikin ruwan da zai je. Ra'ayin da wannan muƙala take ɗauke da shi shi ne, wannan tsari a birkice yake. Kifi ne ya kamata ya zaɓa wa mai fatsa kayan aikinsa. Wanda ya bar wa mai kanti wannan zaɓi zai yi asarar kuɗi da lokaci, mafi muni kuma, zai jawo mutuwar kifin da bai yi niyyar kashewa ba.

2.0 Yadda Fatsar Take Aiki

Kafin a kai ga hujjoji, ya kamata a san abin da ya bambanta wannan fatsa da sauran. A fatsar da aka fi sani, akan ɗaura dalma ko wani ɗan ƙarfe kusa da ƙugiya, nauyinsa ne yake jan zare idan an wurga. Shi kuwa ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai ja komai. Wanda ya taɓa gwada jifa da gashin kaza ya san ba zai wuce taku biyu ba. Dabarar da aka yi ita ce, aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiyar tana da kauri, an lulluɓe ta da roba, kuma ita ake jefawa, ƙwaron yana bin ta ne kawai. Mai fatsa yakan kaɗa sanda baya, ya ɗan dakata har igiya ta miƙe a iska, sannan ya kaɗa gaba, kusan yadda ake kaɗa doguwar bulala. Nauyin igiya ya lanƙwasa sanda, sanda ta miƙe ta tura igiya, igiya ta warware ta ajiye ƙwaro a kan ruwa a hankali.

Kayan aikin guda biyar ne a jere: ƙwaron gashi, da tsarkiya, wato siririn zaren nailan da yake haɗa ƙwaro da igiya, da igiyar kanta, da sanda, da kuma kwarkwaron da ake naɗe igiya a jikinsa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya dogara ne da wanda ya gabace shi. Girman ƙwaro shi yake nuna kaurin tsarkiya da nauyin igiya, nauyin igiya shi yake nuna ƙarfin sanda. Shi kuwa ƙwaro, kifi ne yake nuna shi. Ke nan, duk wanda ya fara da sayen sanda ya kama jerin ne daga wutsiya.

3.0 Shaidar Tarihi

Tarihin wannan fatsa ya goyi bayan ra'ayin da aka gabatar. Bayani mafi daɗewa da aka fi kafa hujja da shi na wani marubuci ne ɗan ƙasar Rum mai suna Aelian, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ya ce mutanen Masadoniya sun lura da wani kifi mai dabbare-dabbare yana tasowa ya cafke wani ƙwaro a saman kogi. Da suka ga ƙwaron yana lalacewa da zarar an taɓa shi, sai suka naɗa jan ulu a ƙugiya, suka ɗaura gashi biyu na wuyan zakara, suka yi amfani da sanda mai tsawon ƙafa 6. Abin lura a nan shi ne, kallon kifi ne ya haifi kayan aiki.

Haka kuma, a shekarar 1496 an buga wani ɗan littafi a Ingila a kan fatsa, wanda ake dangantawa da wata mata mai suna Juliana Berners. Littafin ya kawo ƙwarin gashi guda 12, ya raba su bisa ga watannin da kifi yake cin kowanne. A wancan zamani da izgar doki ake tuƙa igiya, kuma littafin ya fayyace yawan silin gashin da za a tuƙa gwargwadon kifin da ake nema: sili 1 ga ɗan mitsitsin kifi, sili 9 ga kifin tirawut, sili 12 ga babban tirawut, sili 15 ga kifin salmon. Ga kifi mai haƙora kuwa, ya ce a sa waya. Wannan ya nuna cewa tun fiye da shekara 500 da suka wuce an san cewa kifi ake aunawa kafin a tuƙa igiya.

Bugu da ƙari, duk wani babban ci gaba da aka samu daga baya, daga bakin ruwa ya fito. Alfred Ronalds ya gina bukka a gaɓar wani kogi a Ingila domin ya riƙa kallon tirawut ba tare da kifin ya gan shi ba, kuma a shekarar 1836 ya fitar da littafin da ya jera hotunan ƙwarin ruwa na gaskiya kusa da na gashi da suka kwaikwaye su. A ƙarshen ƙarni na 19 Frederic Halford ya shahara a Kogin Test da ra'ayin cewa ƙwaro mai iyo a saman ruwa shi kaɗai ya dace a jefa wa tirawut. Sai G.E.M. Skues, wanda yake fatsa a Kogin Itchen, ya lura cewa sau da yawa kifin da ake zaton yana cin ƙwaro a sama, tsutsar ƙwaron yake ci a ƙarƙashin ruwa, ya kuma bayyana haka a littafinsa na shekarar 1910. Jayayya ta yi tsawo, har a shekarar 1938 aka yi muhawara a Landan tsakaninsa da mabiyan Halford. A yau babu mai musun cewa tirawut ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa. Daga baya Frank Sawyer, wani mai gadin kogi a Avon, ya ƙirƙiro tsutsar gashi da abu biyu kacal, wato siririyar wayar tagulla da gashin wutsiyar wani tsuntsun daji dangin fakara. Har yanzu tana cikin ƙwarin da aka fi amfani da su a duniya.

A tsawon wannan lokaci kayan aiki sun yi ta sauyawa. Igiya ta tashi daga izga zuwa siliki, daga siliki zuwa roba a shekarun 1950. Sanda ta tashi daga itace zuwa gorar ƙasar Sin, zuwa zaren gilashi, zuwa girafait a shekarar 1973. Shi kuwa kifi yana nan da halinsa. A duwatsun ƙasar Jafan ma akwai wata tsohuwar fatsa da ake kira tenkara, wadda ba ta da kwarkwaro ko kaɗan, daga sanda sai igiya sai ƙwaro, kuma masu yin ta sun ciyar da iyalansu da ita shekaru aru-aru.

4.0 Tsarin da Ya Kamata Mai Koyo Ya Bi

Idan an yarda da abin da ya gabata, ga yadda ya kamata zaɓen kaya ya gudana, daki-daki.

Mataki na farko shi ne sanin kifi da ruwa. Mai koyo ya nemi amsar tambayoyi biyar: wane kifi ne a wurin kuma yaya girmansa, me yake ci a wannan lokaci na shekara, a wane zurfi yake ci, yana da haƙora ko babu, sannan yaya yanayin wurin yake ta fuskar faɗi da iska da itatuwa. Amsar waɗannan ba ta buƙatar ko sisi. Ya ɗaga dutse daga cikin rafi ya ga irin tsutsotsin da suke maƙale a ƙarƙashinsa, ya zauna ya kalli inda kifi yake tasowa, ya kuma tambayi waɗanda suka daɗe suna fatsa a wurin.

Mataki na biyu shi ne zaɓen ƙwaro. Ƙwarin gashi sun kasu gida uku manya: mai iyo a saman ruwa, da mai nutsewa wanda yake kwaikwayon tsutsa, da kuma dogo wanda yake kwaikwayon ɗan kifi. Ana auna ƙugiya da lamba, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya, wato lamba 18 ta fi lamba 12 ƙanƙanta. Tirawut na rafi yawanci tsakanin lamba 12 zuwa 18 ake nema masa. Akwai dubban samfurori a kasuwa, amma mai koyo bai buƙaci fiye da biyar ko shida ba. Wanda ake kira Adams, da aka ƙirƙiro a jihar Michigan a shekarar 1922, ya isa wakilcin masu iyo, tsutsar Sawyer ta isa wakilcin masu nutsewa.

Mataki na uku shi ne tsarkiya. Tsawonta yawanci ƙafa 9 ne, tana farawa da kauri daga wajen igiya, tana sirancewa zuwa wajen ƙwaro. Ana nuna kaurin bakinta da lamba haɗe da harafin X. Idan aka cire lambar daga 11, abin da ya rage shi ne kaurin a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Alal misali, 4X tana da kaurin inci 0.007, wato kimanin milimita 0.18. Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da masu fatsa suke bi: a raba lambar ƙugiya gida uku. Ƙugiya mai lamba 12 za ta dace da 4X, mai lamba 18 kuma da 6X. Idan tsarkiya ta yi wa ƙwaro kauri, zai sandare a kan ruwa, kifi ya gane yaudara ce. Idan ta yi masa siranta, za ta murɗe a iska ko ta tsinke.

Mataki na huɗu shi ne igiya. A shekarar 1961 ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka ta fitar da ma'auni guda, wanda shi ne tushen lambobin da ake gani a kan igiyoyi. Ana auna nauyin ƙafa 30 na farko na igiya, wato kimanin mita 9. Igiya mai lamba 3 tana da nauyin giram 6.5 a wannan tsawo, mai lamba 5 tana da giram 9, mai lamba 8 tana da giram 13.6, mai lamba 12 kuma ta kusa giram 25. Tun da igiya ce take ɗaukar ƙwaro, babban ƙwaro da iska mai ƙarfi suna buƙatar igiya mai nauyi. Ƙaramin ƙwaro da ruwa mai garai-garai, inda kifi yake firgita da ƙaramin motsi, suna buƙatar mara nauyi. A dunƙule, lamba 1 zuwa 3 na ƙananan kifayen rafi ne, 4 zuwa 6 na tirawut da makamantansa, 7 zuwa 9 na matsakaitan kifaye masu farautar 'yan'uwansu, 10 zuwa 12 kuma na manyan kifaye. Ga mai koyo, igiya mai iyo wadda aka tara nauyinta a gaba ta fi sauƙin jifa.

Sai a mataki na biyar za a zo ga sanda, kuma a lokacin zaɓenta ya riga ya yi sauƙi, domin a jikin kowace sanda, kusa da mariƙi, an rubuta lambar igiyar da aka ƙera ta dominta. Abin da ya rage shi ne tsawo, shi ma wuri ne yake nuna shi. Ƙaramin rafi mai sarƙaƙiya yana son sanda mai ƙafa 7 ko 8, domin doguwa za ta yi ta sarƙewa a rassa. Buɗaɗɗen kogi yana son mai ƙafa 9. Masu neman salmon a manyan kogunan Sikotlan, kamar Kogin Spey, sukan riƙe mai ƙafa 13 zuwa 15 da hannu biyu.

Na ƙarshe shi ne kwarkwaro. Ga mai neman ƙaramin tirawut, aikin kwarkwaro bai wuce ajiye igiya ba, don haka mai araha ya wadatar. Amma igiya tsawonta kimanin mita 27 ne kawai, kuma babban kifi yana iya janye ta duka a gudu ɗaya. Mai neman irinsa dole ya sami kwarkwaro mai birki nagari, wanda kuma zai ɗauki zaren ajiya na mita 200 ko fiye a bayan igiya.

5.0 Misali daga Kusa

Ba sai an je Turai ba za a ga wannan ƙa'ida tana aiki. Kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda yake zubawa cikin Binuwai a wajen iyakar Nijeriya, ya zama wurin da masu fatsar ƙwaron gashi suke zuwa daga ƙasashe masu nisa a lokacin rani. A wannan kogi guda, mutum ɗaya yana buƙatar kaya kashi uku. Kifaye masu kiwon tsutsa a tsakanin duwatsu, kayan tirawut masu lamba 5 sun ishe su. Shi kuwa tsage, haƙoransa suna datse nailan nan take, ga bakinsa da taurin ƙashi, saboda haka sai an haɗa masa sanda mai lamba 8 ko 9, da ƙugiya mai kaifi, da 'yar waya a bakin tsarkiya, kamar dai yadda littafin 1496 ya faɗa game da kifi mai haƙora. Giwan ruwa kuma, wanda yake iya wuce kilo 100, da dare yake fitowa farauta daga gindin duwatsu, kuma ƙwaron da ake jefa masa yakan kai taƙi guda. Irin wannan sai sanda mai lamba 12. Wanda ya tunkari giwan ruwa da kayan tirawut zai koma gida da karyayyiyar sanda.

Masuntan ƙasar Hausa ba za su ga baƙon abu a cikin wannan magana ba. Birgi daban, taru daban, mamari daban, gura daban, kuma kowanne yana da irin kifinsa da irin ruwansa da lokacinsa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a shekarar 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a shekarar 2016, homa da gora kawai masunta suke shiga Matan Fada da su. Da waɗannan aka fito da kifi mai kilo 78 a gasar shekarar 2020. Abin da ya ba su wannan nasara shi ne sanin inda kifi yake kwana da yadda yake gudu.

6.0 Hujjojin Masu Saɓanin Ra'ayi

Adalci ya sa a saurari masu ganin abin ta wata fuska. Akwai masu cewa duk wannan bayani wahalar da mai koyo ne, a ba shi sanda mai ƙafa 9 da lamba 5 kawai, domin ita ce mai yin kowane aiki. Babu shakka akwai gaskiya a maganar, kuma ita ce shawarar da aka fi bai wa masu koyo a Amurka da Ingila. Sai dai ya kamata a tambaya, me ya sa ta shahara? Ta shahara ne domin akasarin masu tambayar tirawut suke nema a matsakaicin kogi. Wato ita kanta shawarar, kifi ne ya haife ta, an dai manta da ambaton sunansa. Mutumin da yake zaune a bakin teku, ko kusa da ruwan da tsage ya yi yawa, idan ya bi ta ido rufe, ya sayi abin da ba zai amfane shi ba.

Wasu kuma suna ganin cewa kaya masu tsada suna sauƙaƙa koyo, suna kafa hujja da cewa araha ba ta ado. Gaskiya ne sandar da ta kai dala 1,000 ta fi wadda ake sayarwa da igiyarta da kwarkwaronta a ƙasa da dala 200 rashin nauyi da kyawun ƙira. Amma bambancin nan gwani ne yake jin sa a hannu. Kuskuren mai koyo a wuyan hannunsa yake: yakan karya wuyan hannu fiye da kima, ya kuma ƙi dakatawa igiya ta miƙe a baya kafin ya kaɗa gaba. Babu sandar da take gyara wannan, sai maimaici a fili mai ciyawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya. Bayan fitowar wani fim na shekarar 1992 da aka gina a kan fatsa a jihar Montana, jama'a sun yi tururuwa zuwa kantunan kayan fatsa a Amurka. Sha'awa tana sa a sayi kaya a yini ɗaya, amma iya jifa da sanin ruwa sai an ɗauki watanni. Idan mai koyo yana da rarar kuɗi, ya fi masa ya kashe su a kan igiya mai kyau, da tabarau mai kare ido daga ƙugiya, da kuma ladan gwanin da zai tsaya a kansa na 'yan sa'o'i.

Hujja ta uku ita ce mafi haɗari, wato ta masu cewa bajinta ita ce a kama babban kifi da siririn kaya. Wannan ra'ayi yana da farin jini domin yana ba da labarin da za a yi ta faɗa a majalisa. Amsarsa tana buƙatar sashe na musamman.

7.0 Rayuwar Kifi da Makomar Ruwa

Yawancin masu fatsar ƙwaron gashi a yau ba don ci ko sayarwa suke kama kifi ba, sukan kama ne su saki. Lee Wulff na Amurka ya yi kira ga haka tun a shekarar 1939, kuma ƙungiyar Trout Unlimited, wadda aka kafa a Michigan a shekarar 1959, ta yaɗa aƙidar. Amma sakin kifi ba shi da amfani idan zai mutu bayan sa'a guda. Kifin da aka kama da kayan da suka yi masa rauni ba ya jawuwa da wuri, domin mai fatsa yana tsoron tsinkewar tsarkiya, sai ya bar shi ya yi ta kokawa har ya galabaita. A irin wannan doguwar kokawa wani sinadari mai tsami yana taruwa a tsokar kifin, kuma yana iya hallaka shi bayan an sake shi, alhali mai fatsa ya tafi yana zaton ya yi aikin kirki. Idan kuma tsarkiya ta tsinke, kifi ya tafi da ƙugiya da zare a baki.

Abin yana ƙara tsananta idan ruwa ya yi ɗumi, saboda ruwa mai ɗumi bai riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, kuma da zarar zafin ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, masu fatsa na ƙwarai sukan naɗe igiyarsu. A jihar Montana hukuma takan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare a kogunan da suka yi ɗumi a lokacin zafi. Daga nan za a ga cewa daidaita kaya da kifi ya wuce batun jin daɗin jifa. Kaya masu isasshen ƙarfi suna gajarta kokawa. Idan aka haɗa da danne kunnen ƙugiya domin ta fita da sauƙi, da jiƙa hannu kafin a taɓa kifi domin kada a goge yauƙin da yake kare fatarsa, da kuma barin sa cikin ruwa yayin cire ƙugiya, to an ba shi damar rayuwa.

Wannan darasi ya shafi masu su don abinci ma, ko da yake ta wata fuska. A wurinsu, rashin daidaito yana zuwa ne ta koma mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, wadda take kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ga yin ƙwai ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta Nijeriya ta shekarar 1992 ta hana amfani da raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu keɓaɓɓun ragogi na ƙananan kifaye, ta kuma hana su da guba ko nakiya ko lantarki. Mai siririn kaya yana kashe babban kifi ɗaya-ɗaya, mai ƙaramin ido yana kashe ƙanana dubbai, amma tushen kuskuren guda ne, wato an zaɓi kayan aiki ba tare da an dubi kifin ba.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa a fatsar ƙwaron gashi kowane kayan aiki yana rataye ne da wanda ya gabace shi, kuma kifi ne a kan gaba. An ga cewa tarihi, tun daga Masadoniya har zuwa kogunan Ingila, ya nuna masu lura ne suka ciyar da harkar gaba. An kuma ga cewa kaya marasa daidaito suna cin kuɗin mai su, suna kuma cin ran kifi. Bisa ga haka, shawarar da ta dace da mai shirin farawa ita ce, ya yi zuwansa na farko bakin ruwa hannu rabbana. Ya ɗaga duwatsu, ya kalli ƙwari, ya gaishe da tsofaffin hannu ya yi musu tambaya, ya kuma binciki dokar wurin, domin a Ingila, alal misali, duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisi yake fatsa a kogi. Idan ya dawo yana iya faɗin sunan kifin da yake nema, da girmansa, da abincinsa, to a sannan ne lokacin zuwa kanti ya yi, kuma zai tarar abin da yake buƙata bai kai rabin abin da ya yi niyyar saye ba. Masu iya magana sun ce, iya ruwa fid da kai. Ga mai fatsa, iya ruwan ya haɗa da fid da kifin da ya kama ya mayar da shi da ransa.